Ƙari Uku na Koren Biro

Dutse Uku, Jos
Lahadi, 7 ga Yuli, 2024

Zuwa ga Kawuna Malam Datti,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Yaya Madina da maigidanta da yara. Ya zafin Kano? Mu nan ruwa ake yi kullum, sanyi har cikin ƙashi. Umma tana gaishe ka, ta ce dankalin da ke cikin buhun nan naka ne, kada yara su cinye maka. Da waya za ta yi da tuni na kira, to kunnenka ya ƙi, saƙon waya kuma ka ce ba ka karanta rubutun da ba na hannu ba. Shi ya sa na ba direban mota wannan wasiƙar.

Kawu, wasan da ka bar min ya kai ni inda na rasa yadda zan yi.

Shekara biyu ke nan da tafiyarka, ba mu fasa ko Asabar ɗaya ba. Bayan la'asar muna bayan shagon Jabir tela a Kwararafa, ni ina jan labari yadda ka koya min, Baba Pwajok da Jabir da Obum kowa da takardar jaruminsa da marfin kwalbarsa a kan taswira. Jiya na fito musu da Dodon Kuza daga tafkin tsohon ramin haƙar kuza. Jaruman Jabir da Obum suka kwashe mutanen ƙauye suka tsallake gada. Sai Baba Pwajok ya ce Maƙerinsa ba zai tsallake ba, shi zai tsaya a bakin gada har na ƙarshe ya wuce.

Wayyo Kawu, da ka gani! Tsoho mai shekara saba'in da ɗaya ya miƙe daga kujera, ya dafa tebur, ya yi wa Dodon magana da wata murya da ban san yana da ita ba. Ruwa na dukan kwano amma kowa ya ji shi. Masu shan shayi a waje suka ajiye kofi suka leƙo. Ni da na ƙirƙiro Dodon da bakina, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Ga inda matsalar take. Saran Dodon sha ɗaya ne, dole Maƙeri ya wuce sha ɗaya ko ya faɗi. Baba ya jefa ƙwayoyin lido biyu, suka ba shi shida. Yana da ƙari huɗu: garkuwa tana ba shi biyu, hular ƙarfe ɗaya, tsayuwa a tudu ɗaya, sai ƙarin kafaɗa uku. Na kafaɗar nan saboda jaruminka Mai Baka ne. Ban taɓa cire marfinka daga taswira ba, duk inda Maƙeri ya je ina tura shi gefensa, kuma babu wanda ya taɓa cewa uffan.

Obum ya haɗa duka ya ce sha uku, ya fara tafi. Ni kuma na buɗe fotokwafin littafinka da na yi kafin ka tafi da shi, na ga ka rubuta cewa ƙari iri ɗaya ba sa haɗuwa, babba ake ɗauka. Duka huɗun na kare kai ne, ai iri ɗaya ke nan. Shida da uku, tara. Jabir ya ce in rufe littafin, wa zai sani? Ka san wanda ya hana? Baba Pwajok da kansa. Ya ce tara ne, ba ya son ran da aka sato masa.

Ku kuka kafa al'adar cewa jarumin da ya faɗi, mai shi ke yaga takardar da hannunsa, ba a sake rubuta shi. Takardar Maƙeri tun 1998 take, ta girme ni, duk ta sha salatif. Baba ya ce ranar da ya yaga ta shi ma ya gama zuwa, ya tsufa da fara sabon mutum. Na roƙe shi ya ba ni mako ɗaya in tambayi mai littafi.

Tara ne ko sha uku? Don Allah ka ba direban amsa.

Ɗiyarka,
Kausar

Kano
Laraba, 10 ga Yuli, 2024

Zuwa ga ɗiyata Kausar,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Wasiƙarki ta iso, dankali ma ya iso. Ki yi wa mahaifiyarki godiya, Allah ya saka da alheri.

Na karanta sau biyu, na yi dariya har Madina ta leƙo ta ga ko lafiya. Fotokwafi! Shekara biyu kina mulkin teburina da littafin da inji ya mayar baƙi ƙirin. Laifina ne, ban gaya miki ba, domin lissafin a kaina yake, ban taɓa tunanin wani zai buƙace shi a takarda ba. Shi ma Pwajok bai taɓa buɗe littafin ba, nasa jifa ne da surutu.

Da biro uku na rubuta kowane ƙari, kuma launin biron shi ne iri. Ja, abin da hannu ya ƙera. Sara ɗaya wuri ɗaya yake sauka, ko garkuwa ta tare ko hula, saboda haka ja da ja ba sa haɗuwa. Ki ɗauki biyun garkuwa ki bar hula. Shuɗi, abin da ƙasa ta ba ka, tudu ko duhu ko bango a baya. Mutum wuri ɗaya yake tsayawa, shi ma ɗaya ake ɗauka. Amma ja da shuɗi suna haɗuwa. Shida da biyu da ɗaya, tara.

Kore shi ne abin da mutum ya ba ka. Yana hawa kan ja, yana hawa kan shuɗi, kuma shi kaɗai ne yake haɗuwa da ɗan'uwansa. Mutum goma su tsaya maka, talatin ke nan, ban sa masa iyaka ba.

Asalin littafin babu kore. Ni da Pwajok muna koyarwa a makaranta ɗaya muka tsinci wani tsohon littafin wasa na Turawa a wajen masu gwanjon littattafai, rabinsa ya zube, muka ƙarasa sauran da kanmu. Koren ya shigo ne shekarar da gari ya rikice, mahaifiyarki tana da cikinki a lokacin. Wata biyar ba mu zauna ba, kowa yana tsoron unguwar wani. Ranar wata Asabar sai ga Pwajok a ƙofar gidana, ya tako da ƙafa tun daga Tudun Wada, ƙwayoyin lido a aljihunsa. Bai yi dogon bayani ba. Ya ɗora min hannu a kafaɗa ya ce, ina nan. Washegari na sayi koren biro.

Yanzu sai ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Sharaɗin koren yana cikin bangon baya na littafin, inda ba ki kwafa ba. Dole mai jarumin ya kasance a teburin, ya ɗora hannunsa a kafaɗar abokinsa, ya faɗa da bakinsa cewa yana nan. Marfin kwalba ba shi da hannu. Da ina wurin, sha biyu ne, Maƙeri ya rayu da ɗaya. Ba na wurin. Tara ne, Pwajok ya yi gaskiya kamar kullum.

Na san abin da za ki rubuto, ki huta. Asabar ta ƙarshe da na ja labari, Pwajok ya gaya min abu sau uku ban ji ba, na yanke hukunci a kan abin da bai faɗa ba. Na ga fuskokinsu. Duk suka yi kamar daidai ne, suka ci gaba da wasa. Wannan tausayin ne ya kore ni daga Jos, har ban iya yi masa sallama ba. Kurma ba shi da aiki a teburin da komai nasa magana ce.

Ki gaishe su duka. Allah ya yi miki albarka.

Kawunki,
Datti

Dutse Uku, Jos
Lahadi, 14 ga Yuli, 2024

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, amma ka sani da fushi nake rubutun nan.

Bari in fara da abin da ba na fushi ba. Ranar Juma'a na sayi biro uku, na baje fotokwafin a tabarma, na bi kowane ƙari ina ja masa layi da launinsa. Tun hantsi har Umma ta kira ni sallar la'asar ban ɗago ba. Kawu, ashe haka abin yake! Ni da na ɗauka lambobi ne ka watsa yadda ka ga dama. Ja ya fi sittin, shuɗi kusan arba'in, kore tara kacal, amma duk wani babban dodo da ke littafin na gwada lissafinsa, babu wanda za a iya kayarwa da ja da shuɗi kaɗai. Ko mutum ya sa duk ƙarfen duniya ya hau dutse mafi tsawo, sai ya rage ɗaya ko biyu. Da gangan ka yi, ko? Shekara ashirin da wani abu mutane suna wasa a cikin wannan ginin ba su san da shi ba. Na zauna na riƙe baki, na ma rasa wa zan gaya wa.

Jiya na karanta musu wasiƙarka, ban tsallake ko layi ɗaya ba, har da na ƙarshen. Jabir ya sunkuyar da kai. Obum ya ce ai da sauƙi, a kira Yaya Madina ta bidiyo, ka faɗa ta waya, shi kuma ya ɗora hannu a madadinka. Baba Pwajok ya dube shi ya ce, “Obum, kafaɗar tawa ce, na san hannun da aka rubuta.” Sai ya zaro takardar Maƙeri ya kama ta da hannu biyu.

Ban san lokacin da na fizge ta ba. Ni Kausar, na fizge abu daga hannun dattijo! Na ba shi haƙuri ina kuka, shi kuma yana dariya. Ya ce in kawo biro, ya rubuta abin da ke cikin ambulan ɗin nan, ya ce kada in karanta. Ban karanta ba.

Yanzu fushin. Mutumin da ya ƙirƙiro koren biro shi ne yake zaune a Kano yana lissafa min tara. Ka ce sun ji tausayinka. To mu da ka bari da marfin kwalba fa, wa ya ji namu? Ka yafe min in na yi rashin kunya, amma ba zan goge ba.

Ɗiyarka,
Kausar

Tudun Wada, Jos
13 ga Yuli

Malam Datti, oga na,

Gaisuwa da yawa. Ina lafiya, sai gwiwa. Madam yana gaishe ka, ya ce ka tafi da kwanon shi na gwate, bai manta ba.

Ka gudu ba sallama, na yi shiru, na ce mutum yana da dalili. Yau na ji dalilin, kuma dalilin banza ne. Ranar nan ba tausayi muka ji ba. Hukuncin da ka yanke ya fi abin da na faɗa daɗi, shi ya sa na bar shi.

Yarinyar ta karanta mana dokar ka. Ka rubuta mutum ya zo, ya sa hannu, ya faɗa da baki. Ƙafa kana da shi, hannu kana da shi, baki kuwa duk makaranta sun shaida. Ban ji inda ka rubuta kunne ba. Mai ji ni ne, kuma nawa yana aiki.

Ba na roƙon ka saboda Maƙeri. Ya yi shekara ashirin da shida, ya tsaya a gada, mutane sun wuce, mutuwa mai kyau ne. Asabar mai zuwa ƙarfe biyar zan yaga shi da hannu na, ba zan ƙara wa kowa mako ba. Amma ka sani, ni na taɓa takowa.

Naka,
Pwajok

Dutse Uku, Jos
Lahadi, 21 ga Yuli, 2024

Zuwa ga ɗiyata Madina,

Assalamu alaikum. Na sauka lafiya, ki kwantar da hankalinki. Motar ta tsaya gyaran taya a hanya, jiya na shiga shagon Jabir biyar saura kwata, a jiƙe.

Babu wanda ya tashi yi min sannu da zuwa, Pwajok ya hana. Ya nuna min kujerar da ke gefensa kawai. Kausar ta ɗauki allin tela ta rubuta min a kan tebur: shida, biyu, ɗaya. Ta miƙo min allin.

Na ɗora hannuna a kafaɗar Pwajok, na faɗa. Sun ce na ɗaga murya fiye da kima, ni ban sani ba. Na rubuta uku a ƙasan lissafinta, na ja layi, sha biyu.

Pwajok ya ninke takardarsa ya mayar aljihu. Ya yi wata magana yana kallon taswira, ban ji ba, kuma ban ce a rubuta min ba. Kafaɗarsa tana rawa a ƙarƙashin tafina, na daɗe ban ɗauke hannun ba.

Ki ba direba maganina da rigunan sanyina duka, da littafin nan mai baƙin bango da ke ƙarƙashin matashina. Ki gaishe da maigidanki da yara.

Mahaifinki,
Datti