Kafar Iskar Falon Mama

Paisley, 3 ga Fabrairu, 1994

Ƙanena Euan,

Gaisuwa mai yawa, injiniyan gidanmu, da fatan sabon aiki bai cinye ka ba. Mama ta ƙara rikicewa. Jiya ta sa butar shayi a firij, ta kira ni da sunan marigayiya Anti Isla. Kullum ciwon kai, kullum gyangyaɗi a gaban murhun gas na ɗumama falo. Abin mamaki, in ta kwana biyu a gidana sai ta ɗan warware, har ta kushe min miya. Likita ya ce tsufa ne. Na samo mata ɗaki a gidan kula da tsofaffi.

Ka riƙa cin abinci, tsinke kawai.

Yayarki, au, yayarka,
Morag

Aberdeen, 5 ga Fabrairu

Yaya Morag,

Ina gaishe ki da yara. Na gode da kika kashe gas ɗin ina bugo waya, ba ki tsaya tambaya ba. Ga abin da na kasa faɗa da baki.

Ranar 16 ga Oktoba Mama ta ce sanyi na dukan ƙafarta. Na liƙe tsagar da ke gefen murhu, wannan ba laifi. Sai na ga wata kafa a bango, faɗinta tafin hannu, na toshe ta da siminti. Ta nan wutar take shan iska. In babu iska sai harshenta ya koma rawaya, ta riƙa fitar da guba marar wari, mai kawo ciwon kai da mantuwa. Na karanta wannan a shekarata ta biyu a jami'a. Na ci jarrabawar.

Kwana 112 ke nan. Na lissafa sau uku.

Don Allah kada ki sa hannu a takardar ɗakin sai an gwada Mama.

Ƙanenki,
Euan

Paisley, 28 ga Maris

Euan,

Gaisuwa. An gwada. Ciwon kan ya tafi, amma hankalinta bai dawo ba, likita kuma ya ƙi yi min alkawari. Ranar Laraba ta fita neman marigayi Baba a tashar bas, da silifas. Na sa hannu.

Ban gaya mata zancen kafar ba, ban gaya wa kowa ba. Wasiƙunka bakwai suna nan, daina aiko min lissafi. Ka zo Asabar ka ɗauki akwatunanta. Sunanka dai har yanzu ba ta ɓata shi.

Ka huta lafiya,
Morag