Motarmu Ta Tafasa a Hanyar Arfa, Ni da Yayana Mun Daina Magana

Jarwal, Makka
Shawwal, 1381

Zuwa ga Malam Rabi'u, mai filin shawarwari,

Assalamu alaikum. Malam, don Allah ka taimake ni da shawara, abin ya fi ƙarfin kaina. Jaridarku takan iso mana a cikin kayan baƙi, wani lokaci ta tsufa kafin ta zo, amma filinka nake fara buɗewa. Ka taɓa faɗin cewa ka yi tuƙin manyan motoci kafin ka kama alƙalami, shi ya sa maiɗakina Asiya ta ce kai zan rubuta wa.

Ni direba ne. A hanyar Sudan aka haife ni, lokacin iyayenmu suna tahowa a ƙasa, a nan kuma na girma. Ni da Yayana muna da tsohuwar mota mai shan gas, wanda nan ake ce wa dizal, muna ɗaukar duwatsun gini. Mahaifiyarmu tana nan da ranta, amma ƙafafun da suka kawo ta Makka sun daina ɗaukarta. Ta jima ba ta tsaya Arfa ba, ga ta kusa da wurin. Bara ta ce tana so ta sake tsayawa ko sau ɗaya kafin ta koma ga Allah.

Yaya kafinta ne, kuma mutum ne da ba ya iya faɗin ƙauna da baki sai da hannu. Ya samo tsohon gindin tirela ya gina wa Inna ɗaki a kai, da katako mai kauri da rufin kwano da tagogi, har da wurin kewayawa, don motar ta ja shi. Unguwa ta yi ta zuwa kallo. Tsofaffin ƙawayen Inna suka roƙa a tafi da su, ya kasa cewa a'a. Daga nan kaya suka fara taruwa: gangunan ruwa, tukwane, gawayi, shinkafa, katifu.

Ran nan muka ce mu gwada. Muka loda komai, ban da tsofaffin, muka kama hanya da rana tsaka. Tun a hawan shiga Mina na ga allurar zafi tana tashi. Na gaya wa Yaya, ya ce in taka totur mu wuce. Bayan Muzdalifa sai tururi ya turnuƙe gaban motar. Na kashe inji. Kafin in sauko Yaya ya riga ya naɗe hannu da tsumma ya murɗe murfin lagireto. Ruwan ya yi tsartuwa ya ƙone shi daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu. Maƙwabcinmu Isa ne ya zo da babbar motarsa ya jawo mu gida, yara na bin mu a baya.

Malam, tun daga ranar ba mu yi wata maganar kirki ba. Shi yana cewa tuƙina ne, wai na faye tsoro, a ƙara ruwa kawai a dogara ga Allah. Ni kuma ina cewa ɗakin ya fi ƙarfin motar. Wannan fa a Shawwal ke nan, ina ga ranar Arfa, da bana za ta faɗo a tsakiyar zafi, ga cunkoso, mota na rarrafe ba iska? In ta tsaya da tsofaffin nan a cikin ɗakin kwano, ina zan sa kaina? Isa ya ce zai ɗaukar mana wasu kayan kyauta, Yaya ya ƙi, yana ganin kamar an ce aikinsa bai yi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Inna ta ji labari. Ta kira mu ta ce ta haƙura, kada 'ya'yanta su ɓata saboda ita. Tana faɗa tana murmushi, amma Asiya ta ce ta daina cin abinci sosai. Kafin wannan ban taɓa yi wa Yaya musu ba, shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba. In bi shi, ko in ce ba zan tuƙa ba?

Naka,
Ƙanin Kafinta

*

Ɗan'uwana Ƙanin Kafinta,

Wa'alaikumus salam. Allah ya ba Yayanka lafiyar hannu. Ka kwantar da hankalinka, lamarinka mai gyaruwa ne, kuma da sauran lokaci.

A kan motar, kai ke da gaskiya. Injin gas da ke jan kaya mai nauyi a cikin rana yana neman iska da ruwa fiye da kullum. Ka cire lagireton ka kai wa masu wanke shi su buɗe su zuge shi, don ruwa mai gishiri yakan toshe cikinsa a hankali, ƙurar dutse kuma ta liƙe wajensa. Ka duba fambel, in ya saki ko ya tsattsage ka sauya, ka ajiye wani a mota. Ka duba tiyo da famfon ruwa da murfin lagireton, ka juye baƙin mai. Tunda ta riga ta tafasa, bakanike ya tabbatar ruwa bai fara haɗuwa da mai ba. Ka ɗaga ƙafafun tirelar ka juya su da hannu, wataƙila birkinta yana kamawa ba ku sani ba.

A wurin hawa kada ka danne motar da babbar giya. Sauko ƙarama, inji ya yi ta juyawa, fanka ta ja iska. In allura ta tashi, ka ratse gefe ka bar inji yana aiki a hankali har ya huce. In kuwa ruwa ya zube ko fambel ya tsinke, to a nan ne za ka kashe nan take. Murfin lagireto ba a taɓa shi sai ya yi sanyi, kuma ba a sheƙa wa inji mai zafi ruwan sanyi, kansa zai iya tsagewa.

A kan Yayanka kuwa, kada ka ɗauka taurin kai ne kawai. Mutum ne da ya zuba zuciyarsa a cikin katako, aka jawo shi gida a gaban unguwa da hannu a ƙone. Duk lokacin da ka ce ɗakin ya yi nauyi, abin da yake ji shi ne ka ce ya kasa. Ka daina faɗin haka. Ɗakin lafiyarsa lau, lodin ne ya yi yawa. Ka same shi shi kaɗai, ka gaishe shi da jiki, ka nemi shawararsa a matsayinsa na mai aikin: me za a rage don Inna ta sami iska da wurin miƙe ƙafa? In daga bakinsa maganar ta fito, gangunan da gawayin za su koma motar Isa ba tare da kowa ya ji kunya ba. Dogaro ga Allah da yake faɗa gaskiya ne, gyaran mota kuma ba ya rushe shi.

Bayan gyara ku sake gwadawa da rana tsaka, da buhunan yashi a madadin tsofaffin, shi yana zaune kusa da kai yana kallon allurar da idonsa. In ta riƙe, alhamdu lillahi. In ba ta riƙe ba, motar Isa ta ja ɗakin, kai ka bi da kaya, a cikin aikin Yayanka dai Inna za ta tafi. Ranar fita ku yi sammako, Isa yana biye da ku.

Abu ɗaya ne ba zan so ka jira ba. Yau ɗin nan ka shiga wurin Inna ka gaya mata ba a fasa ba, ana gyara ne. Rashin jituwarku ya fi zafin rana wahalar da ita.

Allah ya kai ku lafiya, ya karɓi ibadarta, ya daidaita tsakaninku. In kun isa, ka roƙar mini Inna ta sa wani tsohon direba a addu'a.

Malam Rabi'u