Gumbo marar tumatir

Noelie,

Yau za a wahalar da kakanki in ba mu yi wani abu ba. Likita ta ce in bai ci abinci ba zuwa yamma, za su zura masa robar abinci ta hanci.

Jiya na kai masa miyar gumbo asibiti daga sabon gidan abincin nan na bakin titi. Yana buɗe kwanon ya ture shi. Ya ce, "Kai Alcide, ni za ka kawo wa gumbo da tumatir? A New Orleans na haife ka, inda ake zuba mata tumatir?" A mota na zauna na shanye ta ni kaɗai, duk ta huce. Gidan abinci na biyar ke nan da na gwada tun rasuwar kakarki.

Na tafi garin Opelousas nemo masa gumbo marar tumatir. Akwai wata Madam Eula mai sayar da abinci a bayan gidan mai, tana soya garin kaɗa miyarta har ya yi duhu, irin na kakarki.

Ki je ki zauna da shi, ki roƙe su su jira ni.

Shekara tara rabona da wurin. Ban sani ba ko har yanzu tana girki.

Babanki