Butar Anti da Ɗan Baƙin Akwati

Litinin, 3 ga Maris

Allah ya yi wa wanda ya ƙirƙiro inbata albarka. Ɗan ƙarfe kamar akwatin takalmi, ka ɗaura shi a bayan mota, ka jona masa batir na biyu, shi ke nan daji ya zama falo. Firji na aiki, fanka na juyi, waya na caji. Babbar albarkarsa kuwa, mai mota bai san abin da ke cikinsa ba. Mu masu haɗawa mu ne malamai, mu ne alƙalai.

Yau na gama wa Yaya tasa. Aikinsa allurar dabbobi, yana bin makiyaya kwana uku ko huɗu a daji, magani kuwa dole ya zauna cikin sanyi. Ya yi wa a-kori-kurarsa rumfa, ya sa katifa. Tunda yara sun watse, Anti matarsa ta fara bin shi. Ta ce shekara ashirin da biyar tana jin labarin daji a bakinsa, yanzu ido zai gani.

Abu ɗaya ne. Akwai ɗan baƙin akwati, rile, mai raba batura biyu idan an kashe inji, don kada inbata ta shanye batirin tada mota. Guda ɗaya ya rage mini, na ma nuna musu shi ranar farko. Sai ga mai ɗaukar hoton tsuntsaye da ƙatuwar motarsa, yana sauri, ba ya ciniki. Na sa masa. Na Yaya kuwa na haɗe baturan da waya kai tsaye. Kafin sati wani zai iso, in ce ya kawo in duba. Wa zai sani?

Laraba, 5 ga Maris

Sun tafi. Anti ta leƙo ta taga tana dariya: "Injiniyan bakin kasuwa, in ta ƙone da mu kai za ka riƙe marayu!" Na ce marayun nata duk sun yi gemu.

Asabar, 8 ga Maris

Sun dawo kwana ɗaya kafin lokaci. Yaya ya shigo shago, fuska ba annuri. Jiya da safe firji a mace, ya murɗa makulli, mota ta yi ƙas ta yi shiru. Da ta tashi, da ya bar injin ya cika batir, maganin ya tsira. Sai da rana ta take aka samu masu turi. Magani ya ɗumama, duka ya zubar. Makiyaya sun tara shanu tun safe, suka watse.

Na buɗe bonet na tsaya ina kaɗa kai, irin na likita. Na ce, "Yaya, me kuka jona banda firji da fanka?"

Ya ce Anti ta dafa shayi da butar lantarki, sau biyu.

Na ce, "To ai ka ji."

Kalma huɗu. Ban ce ita ce ba. Buta na jan wuta, wannan kowa ya sani. Rabin gaskiya ce, shi ya sa ta zauna daram.

Lahadi, 9 ga Maris

Rile ya iso. Yana cikin aljihun tebur. In na ɗaura yanzu Yaya zai ce da ina yake.

Talata, 11 ga Maris

An kira Yaya a ofis, an ba shi takardar gargaɗi. Ya ce wa Anti daga yau ta zauna gida, daji ba wurin shan shayi ba ne. A bakin uwargidana na ji, tana ta jajantawa: "Baiwar Allah, har sabon takalmin tafiya ta saya." Na ce ta miƙo mini ruwa.

Alhamis, 13 ga Maris

Na je gidan. Anti na tsakar gida tana shanya. Na jira ta ce injiniyan bakin kasuwa. Sai ta ce, "Sannu da zuwa, Malam." Malam! Matar da tun ina gajeren wando take tsokanata.

Butar na kan dakali, an naɗe mata wayarta, kamar mai laifi a gaban alƙali.

Zan fita ta biyo ni zaure. Murya ƙasa-ƙasa: "Ɗan baƙin akwatin nan da ka nuna mana, ka ce shi ne mai gadin batir. Ranar da muka maƙale na riƙe wa yayanka bonet, na duba ko'ina. A ina ka ɗaura shi?"

Ni da nake sayar wa mutum fanka ana ruwan sama, ƙarya mafi arha ce ta zo mini. Na ce yana can ciki, ba a gani.

Ta dube ni. Ta ce, "To. Ni dai ban faɗa masa ba. Ku biyu kuka rage wa juna."

Ta koma shanyarta.

Juma'a, 14 ga Maris

Mai hoton tsuntsaye ya aiko mini hoton wata shamuwa, wai godiya, batirinsa lafiya lau. Na goge.

Asabar, 15 ga Maris

Na tsara abin tsaf. In ce ya kawo mota in canza fiyus, in ɗaura rile cikin minti ashirin, mota ta daina mutuwa, kowa ya huta. Dabara mai kyau. Sai dai in mota ta gyaru daidai lokacin da Anti ta daina bin ta, ai na buga wa laifin nata hatimi ke nan. Yaya zai ce, kin gani ko?

Wata mata ta zo sayen fitila, na ba ta soket. Sai da ta dawo.

Litinin, 17 ga Maris

Ya kawo motar, gobe zai koma daji shi kaɗai. Na lura ya ɗora jarkar mai a kujerar gaba, inda take zama.

Yana tsaye a kaina yana faɗa wa mai walda na kusa wai ƙanensa ko a masana'anta sai haka. Na cusa kai cikin bonet, na ciro rilen daga aljihu. Ya ce mene ne wannan.

Ban ɗago ba. Injin na faɗa wa. Na ce wannan ne ya kamata a ce yana nan tun farko, na ba wani, na haɗe naka da waya. Ko buta goma Anti ta jona, da motar ta tashi.

Mai walda ya tuna yana da aiki.

Yaya bai zage ni ba, da ya zaga da na ji sauƙi. Ya tsaya har na ɗaure ƙusa ta ƙarshe. Ya ce, "Kashe inji. Kunna komai. Tada ta in gani." Sau uku. Bai taɓa gwada aikina ba sai yau. Ya shiga ya ja, ko sallama.

Talata, 18 ga Maris

Ina share ƙofar shago da safe motar ta rage gudu. Yaya na kallon titi, kamar bai san shagon ba. Jarkar mai ta koma baya. Anti ta sauke gilashi, sabon takalmi a ƙafa na tabbata, ta ɗaga butar sama ta kaɗa mini.

"Injiniyan bakin kasuwa! Shayi nawa aka yarje mini?"

Na ce iya son ranki, Anti, in dai inji na aiki. Suka wuce.

Yau mutum biyu na gaya wa ba ni da kayan da motarsu ke buƙata, su dawo jibi. Zafi ne ya hana ni surutu, ba wani abu ba.

Uwargida ta ce me ya sa na tona kaina, alhali an riga an rufe. Na ce don kare sunan shago ne, harkar kasuwa ce kawai. Haka na ce mata, haka kuma nake rubutawa. Sai dai shagon nan ko allo ba shi da shi. A daji kuwa, wace saniya ce ta san sunansa?