Ɓarnar Mai Aski a Lambun Mama

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yar amaryata mai rowar hira a waya. Ya aiki, ya ɗawainiyar gida? Mu nan sai godiyar Allah.

Kin ce in daina ɓoye miki, to ga gaskiya. Wata uku ke nan da ɓarin jikin Mamanki ya shanye, kuma jikin ya fi zuciyar samun sauƙi. Ma'aikaciyar asibitin da ke zuwa motsa mata gaɓoɓi ta ce ƙafar za ta iya ɗaukarta, mai ƙafar ce ta ƙi. Ta ce in aka ƙara wasu watanni a zaune, jijiyoyi za su sandare, tafiya ta gagara gaba ɗaya. Na yi lallashi, na yi faɗa. Sandar ƙarfen da kika aiko tana bayan ƙofa, mayafi ake ratayawa a kanta. Wallahi Auta, tsoro nake ji.

Lambunta kuwa ya dawo hannuna, ni da shekara talatin ba a yarda na taɓa ko ganye ba. Shekaranjiya na tura kekenta na marasa lafiya baranda ta sha iska, sai na ga furen wardin bakin famfo ya yi buzu-buzu. Wanda ya yi shekara arba'in yana aski ba ya ganin kai haka ya wuce. Na ɗauko almakashi na daidaita shi tsaf, gefe da gefe har ƙeya. Ashe 'yan dunƙulen da na zubar su ne furannin da ke shirin buɗewa. Sai na ji tsawa. Tun dawowarta daga asibiti maganarta ba ta wuce "to" da "a'a", amma ranar ta wanke ni tas, har da tuno wani furen yasmin da na taka da babur kafin a haife ki. Ina waiwayawa na gan ta tsaye, ta dafa ginshiƙi da hannunta mai lafiya. Ita kanta ba ta san ta miƙe ba.

Ki ci gaba da yi mana addu'a, ki gaida kowa.

Babanki.

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Amsarki ta iso, na ga kina tuhumata da cin zalin furanni. Na amsa laifina, kuma yanzu da gangan nake yi, amma maganar ta tsaya tsakaninmu.

Kullum da hantsi nakan zaɓi ɓarna ɗaya in yi ta inda za ta gani, kowacce ta ɗan fi ta jiya nisa da baranda. Ran Litinin na saka tiyo a shukar nan mai kumburarren gindi, wadda ruwa da yawa ke ruɓar da ita. Taku uku ta yi da sanda ta kashe famfo. Ran Laraba na ɗauki fartanya kamar zan tone kunyar da ta bushe, alhali na san fararen furanninta masu saiwa kamar albasa suna kwance a ƙasa suna jiran ruwan farko. Taku bakwai, ta ƙwace fartanyar. Maƙwabcinmu mai walda ya leƙo ta katanga ya ba ni shawara in koma shago kafin a kore ni daga gidan.

Jiya dai ta faɗi kan gwiwa. Na zubar da komai na ruga, na rantse a raina na daina wannan wasa. Ta ture hannuna. Tunda ta riga ta iso ƙasa, sai ta zauna nan tana tuge ciyawa da hagu har rana ta yi zafi. Na shiga ɗaki na share hawaye, na dawo da kujera.

Naki,
Babanki.

'Yata,

Ina gaishe ki, ina gaida yarona da takwarata. Kada ki yi wa rubutun nan dariya, da hagu nake yi, kwana biyu ya ci mini.

Babanki gani yake ya yi mini wayo. Tun rana ta biyu na gano shi. Mai ɓarnar gaske ba ya tari sau uku kafin ya fara, ba ya kuma datsa iska da almakashi yana satar kallona. Na yi shiru ne don in ya san na sani zai daina, ni kuwa har yanzu ban iya tashi don kaina ba. Don furannin nake tashi, da kuma wannan tsohon da ya rame a kaina.

Yau na ga yana wasa almakashi yana hararar furen nan mai kama da takarda da ya hau ƙofar gida. Na auna da ido, taku ashirin da shida ne, ban kuwa taɓa wuce goma sha biyu ba. Na ce ya fito mini da takalmin fitata, wanda tun a asibiti na ce a bayar. Gobe da hantsi zan je.

Allah Ya yi miki albarka.

Mamanki.