Ki Ce wa Binta Ta Ci Abinci

Zuwa ga Sista Laraba, shugabar ma'aikatan jinya a sashen ciwon suga,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da iyali. Ni ne mahaifin Binta, siririyar yarinyar nan mai tari da kike kira autarki. Sau uku ina zuwa ofishinki layi na mayar da ni gida, shi ya sa na biyo ta jarida.

Da aka taso ma'aikatarmu daga Legas zuwa Abuja, mun iso Garki da tukwanenmu da katifu, amma fayil ɗin Binta ya tsaya can. A ciki ne aka rubuta cewa an haife ta da sistik faibrosis, ciwon da ke kaurara majina a huhu, ya hana jiki cin moriyar abinci. Shi ya jawo mata suga tana shekara sha biyar. Ke kika koya mata yi wa kanta allurar insulin ranar da ni, ƙaton banza, na kasa ko kallo. Ba zan manta ba.

Ga kukana.

Na ɗaya, takardar abinci. Wadda ake ba alhazai masu tumbi ita aka miƙa wa Binta: a rage shinkafa, a bar mai, a guji gishiri. Likitanta na Legas akasin haka ya gaya mana. Mai irin ciwonta sai ta ci ta ƙoshi, da mai da gishiri, a daidaita allura da abin da ta ci. Cikin wata uku mahaifiyarta ta tsuke mata siket sau biyu, tarin kuma ya ƙaru. Idan jikin ya ƙare, da me huhun zai yi faɗa?

Na biyu, bencin jira. Iyayenmu mata da ke wurin, saboda tsabar ƙauna, sun zama 'yan sandan abinci. Makon jiya wata baba daga Karmo ta ƙwace ƙosai daga hannunta, ta yi mata nasiha mai tsawo, Binta har da godiya.

Babbar matsalar kuwa ke ce, ranki ya daɗe. Na yi lallashi, na yi faɗa, uwarta ta yi kuka a kan kwanon tuwo. Binta ta ce Sista ce ta hana, maganarki kuma ba ta tsallakewa. Tsoro nake ji.

Roƙona a nemo fayil ɗin, likita ya duba, a rubuta wa masu irin ciwonta takardarsu daban. Kafin nan, ranar Litinin za mu zo. Don Allah ki kira ta gefe, ki ce mata da bakinki ta ci abinci.

Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya raya miki naki, Ya bar mini tawa.

Wassalam.

Isiyaku Baban Binta,
Garki, Abuja.