Dusar Ƙanƙara a Titin Smith

Litinin, 4 ga Yuli, 1994
Muna kwashe kayan gidan Baba bayan rasuwarsa, ni da ƙanena Andris. A bayan tsani a shagon fentinsa na tsinci zanen fentin mai a jikin katako. Titin Smith ne sak, har da shagon burodin Girkawa, amma dusar ƙanƙara ta rufe shi. Tun da aka haife ni a Melbourne ban taɓa ganin ta sauka a nan ba. Babu sa hannu. Andris ya ce ranar Asabar motar kwasar tarkace za ta tafi da shi.

Talata, 5 ga Yuli
Baba dai bango yake shafa wa fenti, shekara arba'in, kuma fari kawai. Mutumin da ko labarin ƙasarsu ta asali, Latbiya, bai taɓa ba mu ba. Ban yarda zanen nasa ne ba.

Alhamis, 7 ga Yuli
Na kai zanen wajen Kawu Zigurds, abokin Baba tun a jirgin ruwan da ya kawo su. Ya daɗe yana kallo, sai dariya. Ya ce in duba motocin. Duk a hannun dama suke tafiya kamar a Latbiya, alhali a nan hagu ake bi!

“Ubanki ne, ’yata. Wa zai yi wannan shirmen in ba Imants ba? Sau biyu ya kusa kashe mu da tuƙin dama.”

Wai a watan Janairu ya zana shi, lokacin da ake tsananin zafi a nan, daga shi sai singileti. Na tambaye shi game da wata yarinya mai jar hula da aka zana a ƙofar shagon burodin. Dariyar ta tsaya. Ƙanwar Baba ce, wadda aka bari a Riga, babban birnin Latbiya. Ya ce sunanta aka sa mini.

Ban san Baba yana da ƙanwa ba. Haushi ya cika ni, har na manta laimata a gidansa.

Asabar, 9 ga Yuli
Motar ta zo. Na ce wa Andris katakon zai yi mini amfani.

Litinin, 11 ga Yuli
Yana jingine a kicin, kafin in san yadda zan yi da shi. Da safe na sha shayi a gabansa har ya huce. A hanyar aiki na tsaya a shagon ƙarafa na sayi ƙusa ɗaya.